Sunan da Dorin Ta Kama

Tun lokacin tsinkar kofi Dorin ta daina zama kusa da mutane a coci. Wani ruwa ne fari-fari ke fito mata ta gaba, mai ƙarni irin na kifi, ita kuwa a ganinta duk wanda ya sosa hanci da ita yake. Mijinta Kaupa direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Kundiawa da Lae. In ya dawo gida sai ya juya mata baya ya ce, "Ke dai ba kya wanka ne." Ga shi ba ta taɓa ko ɓari ba, dangin miji sun zuba wa cikinta ido.

Da abin ya ishe ta, sai ta kai kukanta wurin yayar mijin, Martina, wadda ta riƙe ta kamar ƙanwa tun ranar da aka kawo ta garin. Tambu suke kiran juna, wato suruka. A gonar dankali ta same ta.

"Haba tambu, ɗan wannan ne ya hana ki sakat?" in ji Martina, tana tofar da jan yawun buai, goron ƙasarsu. "Ƙazanta ce kawai. Ki riƙa wanke can ciki da sabulu da ruwan ganye, safe da yamma. Asibiti kuwa kada ki soma, ma'aikatan nan bakinsu ba ya shiru."

Baiwar Allah ta yi ta dirza har wurin ya koma raɗaɗi. Wari sai abin da ya yi gaba. Daga baya mara ta ɗauki ciwo, zazzaɓi ya biyo baya, ranar nan ta rataya jakar saƙarta ta hau motar haya zuwa asibiti ba ta gaya wa kowa ba.

Sista Lois, dattijuwar nas mai faɗa kamar ta ari baki, ta duba ta, ta yi gwajin da za ta yi.

"Wane mai hankalin ne ya ce ki cusa sabulu? Saurara, 'yata, abu biyu ke damun ki. Na farko ba ƙazanta ba ce. Akwai ƙwayoyi masu amfani da ke gadin wurin, in suka ragu sai wari ya taso. Sabulun naki ya ƙarasa korar su, in kuwa babu masu gadi, kowace cuta ta zo shigewa take yi. Na biyun ciwon sanyi ne, shi ba ya tsirowa da kansa. Wurin namiji ake ɗauko shi."

"Ni namiji ɗaya na sani."

"To shi za ki kawo mini. Ciwon ya daɗe, ya hau sama. Magani zan ba ki, amma batun haihuwa ba zan yi miki alkawari ba."

Ko gida ba ta biya ba, ta zarce wurin Martina, don a kafaɗarta take so ta yi kuka. Ta tarar da ita tana zuba wa aladu abinci da bokiti. Ta kwashe duka ta faɗa mata. Martina ko hannunta bai tsaya ba.

"Ai shi ya sha magani tuni. Ni na raka shi kemis a Goroka. Ya ce ya warke."

Cin amanar Kaupa ya yi wa Dorin zafi, amma na Martina ya fi, don wannan ba ta taɓa kawo shi a rai ba.

"Kin sani, kika hana ni zuwa asibiti?"

"Ƙanina ne, tambu. So kike 'yan'uwanki su ji, su taso mana neman diyya?"

A garin nan matar ƙani ba ta kama sunan dangin mijinta, ko da wasa, ko a bayan ido. Dorin ta dube ta cikin ido, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Martina. Ke kika kashe mini ciki, Martina."

Sai a lokacin bokitin ya faɗi. Martina ta ɗora hannu a ka, ta fita tana kururuwa an ci mutuncinta a ƙofar ɗakinta.

Kafin rana ta faɗi, garin duka ya ji cewa matar Kaupa ta kama sunan tambunta, har dattawa sun sa ranar zama a kanta. Babu wanda ya tambayi dalili.