Furen Kuɓewa da Tsutsarsa

Rumasa'u dai mai zanen lalle ce, kusan duk amaryar da aka yi a garin Woodbridge, kusa da Washington, ita ta yi mata ƙunshi. To sai ta shiga ajin zanen tsirrai a Washington, inda ake koyar da aikin mutanen da, waɗanda tun ba a san kyamara ba suke zama gaban ganye su zana shi jijiya-jijiya, har masana su gane shi a takarda. A ƙarshen zango za a baje zanen ɗalibai, ita kuwa ba a zaɓi nata ko ɗaya ba.

"Ya yi kyau," in ji malamarsu Constance, "amma furen nan a kanki ya tsiro, ba a ƙasa ba."

Gaskiya ce kuwa. Hannun da ya saba da tafin amare, ko ganye ya karkace sai ya miƙar da shi, ya ƙara masa ado.

Akwai kuɓewar da ta shuka a bokiti bayan gida. Sanyi ya kawo jiki, saura fure ɗaya, shi kuwa furen kuɓewa, kun sani, da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi. Ranar da ya buɗe ta jawo kujera ta zauna. Sai ga wata koriyar tsutsa tana huda ganyen da ke gefensa.

Mijinta Hamissou ya leƙo, ya ga tsutsar, ya cire silifa.

"Kai, Malam, kar ka taɓa min ita!"

"Ikon Allah! Madam, tana cinye mana miya, ke kina yi mata hoto? Ko shayi zan kawo mata?"

"Ni dai kawo min."

Hannunta ya so ya cike hujin a takarda, ta hana shi. Ta zana hujin yadda yake, da jan da ke can cikin furen, da gashin kara, da tsutsar da layin bayanta. Kafin ta ɗago, fure ya sunkuya.

Da ta kai zanen aji, Constance ta daɗe tana duba shi da gilashin ƙara girma, sannan ta ce, "Wannan zai hau bango."

Ranar bajekolin wani dattijo masanin ƙwari ya tsaya gabansa, ya ƙura ido, ya faɗi sunan tsutsar, har da abin da za ta rikiɗa ta zama. Ya juyo ya ce, "Kin yarda in koyar da ɗalibaina da shi?"

Rumasa'u ba ta san sanda ta rangaɗa guɗa ba, duk ɗakin ya waiwayo.