Ranar da Abdulghani Ya Tsallake Layi

Mahaifin Abdulghani dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Jidda har bayansa ya lanƙwashe, kuma abu ɗaya ya bar wa ɗansa gado: in kaya ya zube a gabanka, ko na maƙiyinka ne, ka sa hannu. Haka 'yan dakon unguwar Mahjar suka tashi. Ba a ma roƙo, "kama" kawai ake cewa.

To, sai aka kawo injina siton da Abdulghani yake aiki, wasu gajeru masu faɗi da ke shigewa ƙarƙashin kanta su ɗaga ta su yi gaba. Ma'aikata suka raɗa musu suna kunkuru, ana ta dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba. Aka sallami abokan aikinsa Mazen da Ikrama, babban farantin shinkafar da suke zagayewa da rana ya koma na mutum ɗaya. Abdulghani aka bari yana liƙe kwalaye a bayan wani layin fenti, bisa sharaɗin kada ƙafarsa ta kuskura ta tsallaka.

Tsoro yake ji, gaskiyar magana ke nan. Kamfanin ne kafilinsa da ya tsaya masa, iƙamarsa ta zama a ƙasar a hannunsu take. In aikin nan ya kuɓuce, wa zai ɗauki ɗan dako mai furfura? Sai dai a tura shi Kano, garin kakansa da bai taɓa gani ba, da 'yarsa Zakiya wadda ko gaisuwar Hausa sai ta cakuɗa da Larabci.

Wata Laraba da hantsi, igiyar leda ta harɗe tayar wani kunkuru. Kanta ta karkata, kwalayen dabino suka fara zamewa. Wallahi bai yi tunani ba, jikinsa ne ya tafi. Ya tsallake layin, ya tokare kantar da kafaɗa, har yana ce wa ƙarfen, "Sannu, na kama."

Jiniya ta tashi. Duk injinan siton suka tsaya cak.

Nayef, manajan wurin, ya sauko daga ofis fuskarsa ba walwala. "Ya ammi, haba baffa, me ya kai ka?"

"Kaya ne zai zube, ranka ya daɗe."

"Ka bar shi ya zube mana, yana da inshora." Nayef ya sunkuyar da kai. "Na'ura ta riga ta kai rahoto sama. Ba a hannuna yake ba. Khalas, aikinka a nan ya ƙare."

Abdulghani ya haɗa sallayarsa da buta da farantin nan a wani tsohon kwali. Yana kaiwa bakin ƙofa gindin kwalin ya ɓalle, komai ya watse, faranti ya gangara yana ƙara.

Ya durƙusa. "Kama," in ji bakinsa, da sabo.

A bayansa kunkurai sun koma bakin aiki, suna ta wucewa. Shi kaɗai ya tsince kayansa.