Yaron da Ya Ragu da Santimita Tara

A shekara ta goma ta Nazarin Yara Dubu aka gano wani yaro a Aujara da ya ƙi bin tsarin da Allah ya shimfiɗa wa 'yan Adam. Yaran kowa tsawo suke ƙarawa, shi kuwa lamba 312 da ya kai shekara shida sai ya ragu da santimita tara, sannan ya ci gaba da girma daga nan abinsa.

Mujahid ne ya tono maganar, sabon ma'aikacin kwamfuta da aka ɗauka don ya zana wa baƙi yadda yaran ke girma. Baƙin su ne masu ɗaukar nauyin nazarin, kuma ranar Alhamis za su sauka a Dutse. Sabon shiga bai san abin da ake gani a kau da kai ba, sai ya haska zanen a bangon ofis gaban kowa. Layuka suna hawa tare gwanin sha'awa, guda ɗaya ya zame ƙasa kamar akuya a gangare.

Farfesa Zuhair, shugaban nazarin, ya tambayi wa ke awon Aujara, alhali ya sani sarai. Mashkura ce, tun ranar da aka fara. Cikin lallausar muryar nan tasa da ta fi tsawa ciwo, ya bayyana mata cewa yaro ba ya gajarcewa, don haka tef ɗin awonta ne ya yi ƙarya. In kuwa ya yi ƙarya sau ɗaya, to duk awon da ta yi a shekara goma abin tuhuma ne. Ya ba ta zuwa Laraba ta kawo bayani, ko kuma ta ajiye tef da katin aiki a teburinsa. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da ita da mahaifiyarta da 'ya'yanta biyu.

Nazarin dai manufarsa mai kyau ce, wannan ba mai musu. Ana so a gano ko maganin feshin gona yana cutar da yara. Aka rubuta jarirai dubu a shekara guda, daga Ringim zuwa Garki zuwa Aujara, aka rataya wa kowa kati. Duk shekara bayan kaka 'yan awo, kamar yadda mutanen gari ke kiransu, sukan je su auna tsawo da nauyi, su karɓi fitsari a kwalba, su yanki silin gashi. Gashin nan sai da liman ya sa baki kafin iyaye mata su yarda ba wajen boka za a kai shi ba. Kwalaben kuwa suna jere cikin manyan firji a Dutse, da janareto biyu na kansu. Unguwar kan yi mako ba wuta, amma fitsarin yaran Jigawa bai taɓa jin zafi na minti ɗaya ba. Sai a shekara ta goma sha biyar za a buɗe su.

Doka ta farko da ake koya wa ɗan awo ita ce kada ya ba kowa shawara. Wanda aka yi wa gargaɗi zai canza hali, in ji Farfesa, wanda ya canza hali kuma ya ɓata lissafi. Naka ka duba, ka tambaya, ka rubuta, ka miƙa sabulu guda, ka yi sallama.

Talata da safe motar nazarin ta ɗauki Mashkura ta miƙi hanyar Jahun. Damina ta yi nisa, gonaki sun yi kore shar, ko'ina ka duba mutum ne da tankin feshi a baya, ƙafa ba takalmi, hanci ba ƙyalle. Ita dai ba su ne a ranta ba. Tana tuna ranar da ta auna 312 a shekara ta shida. Na'urar hannunta ta yi ƙara ta nuna ja, amma na'urar nan ko atishawa ka yi kusa da ita sai ta nuna ja, ga yara sittin a layi suna kuka, sai ta danna ta wuce. Fatanta yanzu a ce wani abu ne daban, ko mene ne, ban da tef ɗinta.

Gidan Idirisu, mahaifin 312, yana can bayan gari, inda Fulanin da suka daina yawo suka kafa ruga. Shanu sun ragu zuwa shida, sauran rayuwa ta koma noman riɗi. Maigidan yana gona. Matarsa Huseina ta shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, ta tsiyayo ruwa a kofi daga farar jarkar da ke gindin rumbu. Mashkura ta ce ta ƙoshi, kamar yadda ta saba cewa shekara goma, don 'yan awo da ruwansu na roba suke yawo. Jarkar ta maganin feshi ce da aka wanke, hoton ƙoƙon kan da ke jikinta ma ya kusa gogewa. Mashkura ta san ta sarai, don tambaya ta arba'in da ɗaya a fom ɗin awo ta ce a ɗauki hoton mazubin ruwan gida.

Suka gaisa. Yaya gida, lafiya lau. Yaya yaro, lafiya lau. Wannan amsar ce Mashkura ta shigar a na'ura sau dubbai, har rahoton bara ya yaba wa Aujara da ƙoshin lafiya. Ta nemi a kira mata 312. Huseina ta leƙa bayan bukka ta ce kai, zo, ta ciro katin daga cikin ƙwarya ta rataya masa a wuya.

Mashkura ta kai hannu ga katin, sai ta fasa. Ta dubi fuskar yaron, abin da ba ta tuna ta taɓa yi ba. Ta tambaye shi sunansa.

"Sale," in ji shi.

A kati kuwa Abdurrahim Idirisu aka rubuta. Ta juya ga uwar ta tambayi ina Abdurrahim. Huseina ta sallami yaron tukuna, sannan ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma.

"Wancan ai Allah ya karɓi abinsa, Malama. Damina biyar ke nan da wannan."

Ta ba da labarin a taƙaice, ba tare da ta ambaci sunan ba ko sau ɗaya. Ya bi ubansa gona ranar feshi, ya dawo yana cewa kansa na ciwo. Sai amai, sai yawu yana zuba, sai jiki ya kama jijjiga. Kafin a samo babur ya cika. Mutane suka ce iska ce. Sale ƙaninsa ne, shekara biyu tsakaninsu.

Gaskiya dai a faɗe ta ko da ɗaci: abin da ya fara zuwa wa Mashkura a rai shi ne ashe tef ɗinta lafiyarsa ƙalau. Har wani sanyi ta ji a ƙirji. Sai a bayansa kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take. Ta yi ta'aziyyar da ta makara shekara huɗu, sannan ta tambayi dalilin da ya sa ba a faɗa mata ba. Huseina ta ce ai ba a tambaye ta ba. Haka ne kuwa. Akwai tambaya a fom mai cewa shin yaron yana raye, amma wane mai hankali ne zai karanta wa uwa wannan, ga yaro tsaye a gabansa da kati a wuya? Kowa i yake dannawa ya wuce.

Ta sake tambaya, to me ya sa take kawo Sale a madadinsa. In don sabulu ne ai da an ba ta. Huseina ta ɗago ta dube ta, har Mashkura ta yi da-na-sanin ambaton sabulu.

"Ɗan fari ne, Malama. Tun yana da rai ba na iya kiran sunansa, fulako bai bari ba. Da ya tafi kuma kowa ya daina faɗa, wai kada a tuna mini. Ke kaɗai ce, duk kaka a gindin darbejiyar makaranta, kike ɗaga murya ki kira shi har da sunan ubansa, ki faɗi shekarunsa. Bara kin ce tara."

Mashkura ta rasa inda za ta sa idonta, sai ya faɗa kan farar jarkar. Nan ta karya doka ta farko. Ta ce wa Huseina ta daina zuba ruwan sha a ciki, ko an wanke ta sau ɗari guba ba ta fita, kuma kada a sake barin yaro ya bi mai feshi. Huseina ta dubi jarkar da mamaki.

"Shekara goma kina ɗaukar hotonta. Ni na zaci kyau ta yi miki."

A hanyar komawa Mashkura ta auna maganar ta kowane gefe. In ta ce tef ne, za ta rasa aiki, Abdurrahim kuma ya ci gaba da girma a littafinsu, wata sabuwar 'yar awo ta riƙa kiransa. In ta faɗi gaskiya, aikinta ya tsira. Ta ce wa kanta gaskiya ita ce hakkin yaron, watakila ma mutuwarsa ta sa a buɗe firjin nan da wuri a ceci wasu. Wannan duk haka ne. Amma ta san ba shi kaɗai ne ya tura hannunta ga biro ba.

Da Farfesa ya karanta rahoton ya yi salati, ya cire tabarau. Ba mugu ba ne, shi ma yana da jikoki. Sai dai da ya mayar da tabaraun ya fara ganin matsaloli. Fom ɗin rasuwa cikin kwana uku ake cika shi, wannan kuwa ya makara shekara huɗu. Kwalba huɗu na fitsarin Sale suna kwance da lambar wansa. Ga shi kuma kalmar da ya shirya buɗe jawabinsa da ita gobe ita ce, kowane yaro mun san inda yake. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, amma Farfesa da ƙa'ida yake naɗe tasa. Ya sa aka ciro takardar amincewar da Huseina ta dangwala wa yatsa shekara goma da suka wuce, ya ɗaga ta wajen taga. Tawadar ta koɗe. Dangwalen da ba ya karantuwa ba amincewa ba ne, wanda ba a amince masa ba kuwa bai taɓa shiga nazari ba. A cire 312 tun daga farko, a zubar da kwalabensa duka tara.

Mashkura ta ce, ranka ya daɗe, biyar na farko ai nasa ne na gaskiya, su ne kaɗai za su iya nuna abin da ke jikinsa kafin ya rasu. Farfesa ya ce ya fahimta, kuma tausayinta abin yabo ne, amma ilimi haƙuri yake so. Saura shekara biyar kawai.

Ranar Alhamis aka yi taro a otal. Layuka suka hau bango tare, ba wanda ya zame. Baƙi suka yi tafi, aka ci shinkafa da kaza. Yaran sun koma ɗari tara da casa'in da tara, amma aka bar sunan Yara Dubu tunda an riga an buga shi a jikin mota da huluna. Aka kira Mashkura aka miƙa mata takardar yabo a kan ingancin awo. Aka kuma sanar da sabon tsari: daga yanzu Mujahid zai riƙa bin 'yan awo yana naɗar duk abin da suka faɗa, don kada a sake samun kuskure.

Sau uku tana niyyar komawa ruga ta gaya wa Huseina, sau uku tana samun uzuri. Har riɗi ya nuna aka yanke, aka jingine dammuna suna bushewa, lokacin awo ya zagayo.

Tun daga mota ta hango su a gindin darbejiya. An wanke Sale an shafa masa mai, ga kati a wuyansa. Huseina tana tsaye daga baya, can gefen da takan tsaya. Mujahid ya ajiye abin naɗar murya a kan tebur ya kunna. Mashkura ta fara kira, suna da sunan uba da shekaru, yara suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta kira 311. Ta auna shi a hankali, ta sake aunawa, ta gyara masa wuyan riga. Sannan ta dubi na'ura, ta dubi abin naɗar muryar, ta kira 313.

Huseina ba ta motsa ba. Ta jira har aka kira na ƙarshe, aka raba sabulu, mata suka watse. Sannan ta matso, ta zare katin daga wuyan Sale ta ajiye a bakin tebur. Ba ta tambayi dalili ba.

"Malama, da bana nawa za ki ce?"

"Goma," in ji Mashkura.

"Goma," Huseina ta maimaita a hankali. Ta yi godiya, ta kama hannun Sale suka bi hanyar ruga.

Mujahid ya bi su da kallo, biro a hannu. Ya tambayi wace ce wannan, don ya san a wane layi zai rubuta ta.

Mashkura ta ci gaba da naɗe tef ɗinta. Ta ce matar ba ta cikin nazari.