Da Mama Ta Ƙi Mutuwa

Ƙaryar dai Auta ce ta yi ta, kuma ba da mugun nufi ba. Likita ne ya ja ta gefe a barandar asibiti ya ce zuciyar Mama ta gaji, a kira duk wanda za a kira. Da ta koma ɗaki ta tarar da tsohuwar tana hawaye. Ba mutuwar ce ke damunta ba, ɗanta na fari ne. Yaya, mai gyaran firji, ya daɗe da ajiye addini. Ba wani addinin ya koma ba, cewa ya yi shi bai yarda akwai kowa a sama ba, kuma tun daga ranar ko inuwar coci bai sake takawa ba.

"Zan tsaya gaban Ubangiji ya tambaye ni ina yaron da ya ba ni amana," in ji Mama. "Me zan ce masa?"

Auta ta dubi hannun nan da ya rame, allurar ƙarin ruwa a maƙale, sai bakinta ya riga hankalinta. "Ai ya dawo, Mama. Kunya ce ta hana shi gaya miki. Har addu'a yana yi."

Ta so ta tare shi a bakin ƙofa ta yi masa bayani, sai ga shi ya faɗo ɗakin da baƙin mai a hannun riga. Mama ta miƙa masa hannu ta ce ashe ya dawo, to ya yi mata addu'a ta ji da kunnenta. Yaya ya tsaya ƙiƙam. Mutum ne da ko firjin da ya mutu murus ba ya iya ce wa mai shi zai gyaru don ya ji daɗi. Da Mama ta ga shirun ya yi yawa, ta juya ga 'yarta.

"Auta, tsakaninki da Allah, gaskiya kika faɗa mini?"

Kafin ta buɗe baki Yaya ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannun uwarsa ya fara addu'ar da ya sani tun yana yaro. Bai manta ko kalma ɗaya ba. Mama ta yi ajiyar zuciya ta rufe ido, su biyun suka tsaya suna jiran abin da likita ya ce.

To, sai Mama ta ƙi mutuwa. Ta fara neman shayi, ta fara yi wa masu jinya faɗa kan yadda suke ninke zanin gado, kafin a ankara an sallame ta da ledar magunguna da kashedi guda biyu: kada ta sha su ba abinci a cikinta, kada kuma a tayar mata da hankali. Ita kuwa ba ta yarda magani ya tashe ta ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin ɗan da ya ɓata ya dawo, da yadda addu'arsa ta jawo ta daga bakin kabari. Ta kuma kafa doka: duk Lahadi Yaya ne zai zo da motarsa ya kai ta coci, ya zauna a damanta, Auta a hagunta.

Ya kuwa zo. Lahadi bayan Lahadi yana nan cikin farar riga, yana tashi in an tashi, yana zama in an zauna, dattawa na bubbuga masa kafaɗa. Duk bugu ɗaya a ƙirjin Auta yake sauka.

Wata rana da hantsi ta rufe shagon ɗinkinta ta same shi a nasa. Wurin a cushe yake da firjoji marasa ƙofa, sai ta yi gefe-gefe kafin ta isa inda yake tsugune yana liƙe wani bututun jan ƙarfe da wuta.

"Yaya, ba zan iya ci gaba da wannan ba."

"Ke kika yanka rigar, Auta. Ni sawa kawai na yi." Bai ɗago ba. "Kuma ke mene ne naki na damuwa? Ki durƙusa ki yi kuka, a yafe miki, ki tashi fes. Ni wa zan kai wa nawa?"

Maganar ta ɓata mata rai ƙwarai. "Haka kake tsammani? Ba a tuba daga abin da mutum bai bari ba. In zan tuba sai na daina, in zan daina sai na gaya mata. Kai ne ka huta. Kai ne mai laifi, kai ne alƙali, ba mai tambayarka."

"Alƙalin nan nawa ba ya ba da beli." Ya kashe wutar ya miƙe, yana goge hannu da tsumma. "Kin san abin da nake ji in ana shafa mini kai ana cewa barka da dawowa? Ji nake kamar na saka wa mutum tsohon inji na ce masa sabo ne. Amma da bakina na yi addu'ar nan, ba wanda ya shaƙe ni. In na warware yanzu zuciyarta ta tsaya, ke kina da wurin da kike sa ran sake ganinta ki ba ta haƙuri. Ni wannan ce kaɗai uwar da zan samu, sau ɗaya. Don haka zan ci gaba da zuwa."

"Har yaushe?"

Ya dube ta, ta dube shi. Duka sun san amsar ita ce ranar da Mama za ta tafi, ba kuma wanda ya yarda ta fito daga bakinsa. Abu ɗaya ta roƙe shi kafin ta tafi: ranar jibin Ubangiji, wato ranar da ake raba burodi da ruwan inabi a coci, idan farantin ya iso gare shi, ya bar shi ya wuce. Ya ce ya ji.

A cocinsu ba a tashi a je gaba. Faranti ne ke bin layi daga hannu zuwa hannu, da gutsattsarin burodi da 'yan ƙananan kofuna, kuma kafin a fara fasto kan ja kunne cewa duk wanda ya san yana riƙe da zunubin da bai saki ba, ya bar shi ya wuce, ba wanda zai tambaye shi dalili. Ranar, Yaya ya karɓa ya miƙa wa Mama kamar yadda ya yi alkawari. Mama ta ɗauki nata, sannan ta juyo da farantin gare shi, ta riƙe da hannu biyu, tana murmushi. Layin gaba ɗaya yana jira. Ya ɗauka.

Auta tana kallo har ya haɗiye. A wurinsa burodi ne da ruwan inabi kawai, a wurinta kuwa abu mafi tsarki ne aka sa a bakin wanda bai gaskata ba, kuma ita ta buɗe ƙofar. Da farantin ya iso gabanta ta miƙa wa na kusa da ita ba ta taɓa komai ba.

Haka ta yi a wata na gaba, da wanda ya bi shi. Ta ɗauka aƙalla wannan gaskiyar guda ɗaya ta rage mata, tsakaninta da Allahnta. Ta manta da wa take zaune. Mama da ba ta iya zura zare a allura, idonta bai taɓa kuskure abin da 'ya'yanta ke ɓoyewa a coci ba.

"Me kika yi?" ta tambaye ta a kicin. "Namiji ne? Kayan mutane kika ci?"

"Ba komai, Mama."

"Ba komai ba ya hana mutum teburin Ubangiji. An dawo mini da ɗaya, Shaiɗan ya zagayo ta baya zai ɗauke ɗayar. To bai isa ba."

Washegari ta ɗauki azumi. Ta ce daga safe har faɗuwar rana ba abin da zai shiga bakinta sai ranar da ta ga kofin nan a hannun Auta. Maganin safe ya koma na yamma, na rana ya bi ruwa. Auta ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kira fasto ya ce Allah ba ya son mara lafiya ya wahalar da kansa, Mama ta ce da shi ya je ya kula da tumakinsa, ita tana kula da nata. Ƙafafunta suka fara kumbura. Hawa matakala uku na ƙofar gida sai ta tsaya ta huta.

Yaya ya tare Auta a jikin mota, ransa a ɓace. "Ki ɗauki kofin nan mana! Kurɓa ɗaya ce."

"A wurinka."

"To ki gaya mata gaskiya."

"Ka san abin da zai faru."

"Na sani," ya ce a hankali.

Ranar jibin Ubangiji ta sake zagayowa. Sai da suka riƙe Mama ta kowane gefe kafin ta kai kujera. Fasto ya yi jan kunnen da ya saba, Auta ta ji kowace kalma kamar sunanta ake kira. Farantin ya biyo layi. Yaya ya ɗauka, kansa a ƙasa. Mama ta ɗauka, ta juyo gare ta, leɓunanta a bushe, numfashinta na fita da ƙyar.

Auta ta nemi addu'ar da za ta yi ta rasa. Ba za ta ce a gafarta mata ba, don ta san gobe ma cikin ƙaryar nan za ta kwana. Ta ɗauki burodin ta ci, ta ɗauki kofin ta shanye da idonta a buɗe.

Mama ta fashe da kukan murna. Ta damƙe hannun ɗanta da dama, na 'yarta da hagu, ta haɗa su a kan cinyarta ta matse.

"Na gode maka, Ubangiji," ta raɗa. "Yanzu ko yau ka kira ni, na shirya."

Can cikin zuciyar Auta, kafin ta iya tare shi, wani abu ya amsa da amin.