Gidan Da Aka Daina Ƙorafi

Tun da tsohon magini ya gina gidan hayarsa mai ɗaki takwas da shago biyu, kunnensa bai taɓa hutawa ba. Yau kwano na yoyo, gobe masai ya cika, jibi ƙofa ta ƙi rufuwa. Uwar masu kawo ƙara ita ce matar direba, wadda ya laƙaba wa suna Rediyo. Yakan yi faɗa, ya kore su, sannan ya ɗauki kayan aikinsa ya je ya gyara.

Da gwiwa ta fara cin amanarsa, sai ya damƙa wa babban ɗansa kula da gidan. Ɗan yana kawo masa kuɗin cefane duk wata, ba fashi. Ƙorafi ya ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, sai ya ɗauke ɗif. Damina ta shigo ta fita, ko mutum ɗaya bai taka ƙofarsa ba.

Matarsa ta ce, "To ba sai ka gode wa Allah ba? Ka huta."

"Gidan haya ba ƙorafi? Maƙabarta na gina?"

"Kai dai ba a iya maka."

"Ruwa ba ya tsami banza."

Ya tambayi ɗan. Ɗan ya ce, "Komai lafiya, Baba, ka kwantar da hankalinka." Ya faɗi haka idonsa na kan waya. Tsohon bai ƙara tambaya ba. Washegari da hantsi ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan.

Sabon kwano ya fara gani, yana sheƙi. Bango ya sha fenti. An sa tayil a bakin masai, an canza kawunan famfo. Ya san farashin kaya, ya san abin da gidan ke kawowa. Hayar shekara ba ta sayen wannan kwanon.

Telan da ke shagon gaba ya yi tsalle ya kawo masa kujera, har da share ta da ƙyalle, kamar an yi baƙo. Rediyo ta fito ta durƙusa.

"Baba, ya ƙafar?"

"Ke, yau ba ki da labarai? Ko batir ya ƙare?"

"Wane labari, Baba? Sai alheri."

Ta shige. Ya juya ga tela. "Wa ya buga kwanon nan?"

Tela ya cusa allura biyu a baki. "Ni dai ɗinki na sani, Baba."

Tsohon ya miƙe ya zagaya baya, wurin tankin ruwa. Can ƙasa, ƙarƙashin wani faifan kankare, akwai babban makullin ruwan gidan. Shi ya sa shi da hannunsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya murɗe shi, ya cire hannun ƙarfen ya jefa a aljihu, ya mayar da faifan. Ya koma kujerar tela ya zauna. Wanda aka kai wa ƙara, shi ne mai gida. Zai gani.

Bai daɗe ba Rediyo ta fito da bokiti fanko, kumfa a hannunta. Ta wuce ta gabansa, ta raɓe jikin katanga, ta kara waya a kunne.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya ɗauke fa."

Ranka ya daɗe. Ita da ba ta taɓa kiran ɗansa da komai ba sai "ɗan Baba".

Farar mota ta tsaya a ƙofa. Mai siminti ne ya fito, mai babban kantin kayan gini na bakin titi, abokin ɗansa. Ya taho da mai gyaran famfo. Suka wuce ciki ba su lura da tsohon ba. Ya bi su a hankali ya tsaya a bakin tsakar gida.

Mai gyaran ya murɗa famfo, ya ƙwanƙwasa bututu, ya girgiza kai. "Ya toshe daga tushe. Sai an fasa ƙasa an canza duka."

"A canza," in ji mai siminti, yana murmushi. "Komai ya ci, a canza."

Tsohon ya yi shekaru yana gini, bai taɓa ganin wanda aka gaya wa asara ya yi murmushi ba. Ya buga sanda a ƙasa.

"Gidan wa za a fasa?"

Mai siminti ya juyo, ya cire hula ya mayar. "Lale, Baba! Ai gidanka ne, wa ya isa? Taimako ne kawai muke yi."

"Taimako nawa ne kilo a kantinka?"

Tela, wanda ya biyo su da almakashi a hannu, ya ƙyalƙyale, sannan ya mayar da ita tari.

Aka kira ɗan. Ya iso yana gumi, ya yi bayani kansa a ƙasa. Kwano ya ruɓe, banki ya ƙi ba da rance. Mai siminti ya yarda ya gyara gidan da kayansa, shi kuma ya riƙa karɓar haya shekara uku, yana cire wa Baba na cefane.

"Uku," in ji tsohon. "In aka yi sabon gyara fa?"

Ɗan ya dubi mai siminti.

"Da kai nake."

"Sai a ƙara masa watanni."

"Yanzu ina aka kai?"

"Biyar, Baba."

Rediyo ta dafe ƙirji. "Shi ya sa ya ce ko ƙusa ce ta fita mu kira shi! Ni na ɗauka kirki ne."

Tsohon ya dubi tayil ɗin masai, ya dubi fentin. Kowace ƙara da ba ta zo masa ba, hayar wata guda ta ci daga gidansa. Haka za a yi ta gyara har ya mutu, jikokinsa su tarar da gida mai kyau a hannun wani.

Ya zaro hannun ƙarfen daga aljihu, ya zagaya baya. Famfon tsakar gida ya yi tari, ruwa ya tsinke. Mai gyaran ya shiga tattara kayansa ba wanda ya ce masa.

"Ɗana ya yi alkawari, ba zan karya ba," in ji tsohon. "Biyar ɗinka ka ci. Amma ko kwana ɗaya ba za a ƙara ba."

"Baba, gida ba ya rasa gyara," in ji mai siminti a hankali.

"Yana da magini."

Akwai ƙaramin ɗaki a bakin ƙofa, wanda mai siminti ke ajiye gwangwanayen fenti. Kafin la'asar an fitar da su titi, an shigar da gadon tsohon da akwatin kayan aikinsa. Matarsa ta aiko cewa ya haukace. Ya ce a gaishe ta.

Da safe aka buga ƙofa. Rediyo ce.

"Baba, sakatar ɗakina ta karye."

"Ke kullum! Da haƙori kike buɗe ta?"

Ya ɗauki guduma. Kafin ya fita ya tsaya ya ƙare mata kallo.

"Kin kira shi?"

"Ban kira ba."

"Kawo wayar in gani."