Ƙosan Salamata

Aikina kai baƙi yawon ƙauyuka. Da safe in ɗauke su daga otel, in nuna musu tsohon masallaci da masu saƙa, kafin magariba in dawo da su Wagadugu sun yi jawur. Ran nan baƙuwar tawa wata mata ce daga Meziko, ta ce ƙananan garuruwa kawai take so, don suna tuna mata da garinsu. Na biya unguwarmu Zongo ɗaukar tayar safaya, sai na tarar da Gwaggo Indabo, yayar babana, ta ɗane gidan gaban motata da mayafinta na zuwa biki.

"Gwaggo, aiki za ni hwa."

"To ni barci na ce maka za ni? Tada mota, Iro."

Na san abin da ke cinta. Shekarar ce ake rushe unguwarmu, layi bayan layi. Gidan Salamata, 'yar ƙabilar Mosi mai ƙosai, yana cikin na farko da aka ture. Tun suna amare katanga ɗaya ta raba su da Gwaggo, har sun tsufa suna faɗa a kan kaji. Lokacin rusau Gwaggo na kwance asibiti, ta fito ta tarar da fili. An ce Salamata ta koma wajen danginta a hanyar Po, amma ba wanda ya riƙe sunan garin.

A Kubri na ja baƙuwa zuwa bakin dam, Gwaggo ta yi kasuwa. Ba ta tambayar kowa, don masu suna Salamata a ƙasar nan sun fi a ƙirga. Wurin masu suya take zuwa, ta sayi ƙosai ɗaya, ta gutsira, ta tauna.

"Wagga ko wanke wake ba ta iya ba. Mu tai gaba."

Haka muka yi ta yi, gari bayan gari. Ina bayanin tarihi da Faransanci, baƙuwa na leƙen tsohuwa ta bayan kafaɗata. Da na gaya mata dalili, sai ta mayar da kyamara jaka ta bi Gwaggo. Suka jera a gaban kasko, ba mai jin yaren wani, suna tauna suna yamutsa fuska tare. Ni da ake biya don in yi jagora na koma mai riƙe musu ruwa.

La'asar ta same mu a Toyese. Gindin wata tsamiya a bakin titi wata matashiya na suya. Gwaggo ta gutsira, ta daina tauna. Ni ma na karɓi ɗaya, na ji citta da ɗan ƙamshin daddawa, irin wanda muka tashi da shi kowace safiya. Wallahi sai na ga layinmu gaba ɗaya kamar ba a taɓa shi ba.

Gwaggo ta juya harshe zuwa Mosanci. "Ɗiyata, wa ya koya miki suyar ƙosai haka?"

"Uwar mijina."

"Salamata? Tana ina?"

Matar ta sauke matsami. Ta ce Allah ya yi mata rasuwa kafin azumi. Ta nuna wata 'yar kujera a jikin tsamiyar, ta ce kullum da yamma nan tsohuwar take zama tana duba motocin Wagadugu. Duk wadda ta rage gudu sai ta miƙe, ta ce ƙila Indabo ce.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ni ne na juya baya. Ta ja kujerar ta zauna, ta fuskanci titi, ragowar ƙosan na hannunta.

"Iro, ka ba baƙuwarka haƙuri," ta ce. "Ka koma da motar baya kaɗan, ka taho a hankali. Ina son in ga yadda da Salamata za ta gan mu."