Takalmin da Goggo Ta Roƙa

Shekara goma sha biyu Rereao ta yi tana ɗaga ƙarfe da sunan ƙasarta Kiribati, sau huɗu tana ciwo zinariya a gasar tsibirai, amma in ka shiga ɗakinta a garin Betio ko lambar yabo ɗaya ba za ka gani ba. Wata tana rataye a shagon kawunta, wata ta bi jirgin ruwa zuwa tsibirin Abemama. Firijin da aka ba ta kyauta kuwa kwana biyu ya yi a gidan. Aikin bubuti ke nan, roƙon da in ɗan'uwa ya yi maka ba ka da bakin cewa a'a. Ita ko a jikinta. Cewa take su kwashe, ƙarfin dai yana nan inda yake.

Saura mako uku a tafi gasar Fiji, wadda ta riga ta ce daga ita ta ajiye wasan, sai ga goggonta Nei Temaua da hantsi. Ta zauna a tabarma, ta sha ruwan kwakwa, ta tambayi lafiyar kowa har aladun bayan gida, sannan ta gyara murya.

"'Yata, bubuti na zo yi miki. Takalmin nan naki na ɗaga ƙarfe. Ƙanwarki Birita ma an sa ta cikin masu tafiya, ga shi ƙafarku ɗaya."

Tirƙashi! Da rufin ɗaki goggo ta roƙa da ya fi sauƙi. Takalmi ne mai dunduniyar katako, shi ke tallafe wa Rereao gwiwar hagu da ta taɓa gocewa, in ta tsuguna da nauyi a kafaɗa. Ba a sayar da irinsa ko a Tarawa, babban birnin ƙasar, in ka aika a kawo kuwa sai ranar da jirgi ya ga dama. Ranta ya ɓaci ƙwarai da gaske. Duk da haka ta tashi ta ɗauko, ta goge shi da gefen zaninta, ta miƙa da hannu biyu.

Mijinta Ioteba, masassaƙin kwalekwale, ya ce ta bari ya lallaɓa wurin goggo ya karɓo aro na yini ɗaya. Ta watsa masa harara. A yi kyauta a koma ana leƙe? Ai kafin yamma duk Betio ta ji cewa gwarzuwa ta yi rowa. Ta ce ya daina ɓata bakinsa, ya sassaƙo mata dunduniya. Ya sassaƙo kuwa, ya manna a ƙarƙashin kambas ɗinta da gam ɗin da yake haɗa jirgi, yana cika bakin ko teku ba ta ɓalle shi. Ta ce masa ai ita ta fi teku nauyi.

Ranar gasa, Birita ce ta fara shiga da safe tare da marasa nauyi. Yarinya 'yar shekara sha bakwai, duk jikin babu abin kirki sai ƙafa, amma ta ciwo tagulla. Babu wanda ya kai Rereao ihu a zauren.

Da la'asar aka zo kan manya. Rereao tana ɗumama jiki a ɗakin baya, ta tsuguna da kilo ɗari da goma sha biyar, sai ji kake ƙwas, dunduniyar kambas ɗin hagu ta rabe biyu. Saura minti ashirin a kira ta, kuma sai ta ɗaga ɗari da talatin da uku kafin ta wuce 'yar Samoa. Mai horar da su ya ce a kira Birita ta kawo takalmin. Rereao ta ce duk wanda ya kira ta, shi zai ɗaga ƙarfen. A haka za ta shiga. Bakinta ne ya faɗi haka, amma tsoro ya kama ta, don ta san gwiwar ba za ta ɗauka ba.

Tana ɗaure kambas ɗin da salatif sai ga Birita babu takalmi a ƙafa. Ta zauna a ƙasa, ta ajiye takalmin a tsakaninsu.

"Yaya, bubuti na zo yi miki. Ki sa shi."

"Ke, ba haka ake yi ba. Abu ake roƙa a karɓa."

"To ki ce mini a'a mana."

Rereao ta ɗauki takalmin. Ta ja tsaki, idanunta suka kawo ruwa, ta zura ƙafa. Cikin takalmin duk gumin yarinyar ne.

Ta fita ta shafa alli a hannu, ta kama sandar kamar taɓarya, ta fizgo zuwa kafaɗa. Gwiwa ta yi rawa, ta tsaya. Ta cilla sama, alƙalai uku suka kunna farar fitila, alamar ɗagawar ta yi.

Ana ta kiran sunanta ta zo ta karɓi zinariya ta biyar, ita kuwa tana zaune tana kwance igiya. Ta miƙa wa Birita takalmin da hannu biyu, ta ce ta shanya shi, kada ta bar shi a jaka ya yi wari. Sannan ta hau dandamalin ƙafa ba takalmi.